Kujera Dubu 60 Ko Layi Takwas: Fashin Baƙi Kan Neman Manyan Filayen Guje-guje

Wanda ya saba fita da sassafe a Jos ya san su. Ana idar da sallar asuba, sanyin Disamba na ratsa ƙashi, za ka ga samari da 'yan mata suna bin gefen kwalta a guje, wasu su tashi daga Farin Gada su miƙe titin Zariya, wasu su nufi hanyar Lamingo inda hawa ke gwada ƙirjin mutum. Wani da takalmin gudu na gwanjo, wani da kambas ɗin makaranta da ƙasansa ya cinye. Ba su da 'yan kallo sai masu shayi da ke hura wuta da direbobin manyan motoci da ke danna musu oda. Su nake tunawa duk lokacin da aka sake tayar da zancen gina katafaren filin wasa.

Zancen kuwa ba ya daɗewa bai taso ba. Da Najeriya ta dawo daga gasar Olamfik ta birnin Faris a 2024 ba lambar yabo ko ɗaya, amsar da ta fi yawo a rediyo da majalisun hira ita ce ba mu da filaye. Idan zaɓe ya ƙarato, alkawarin sitadiyam na zamani mai cin dubban mutane yana cikin abin da ake fara miƙa wa matasa. Ni ma ina son a gina. Sai dai na lura kalma ɗaya ake faɗa, fili, alhali buƙatu uku ne ke kwance a ƙarƙashinta. Mai son ƙwallo yana neman wurin zama kusa da raga. Gwamnati tana neman inda za ta karɓi baƙin duniya na mako biyu. Shi kuma yaron nan na gefen kwalta yana neman inda zai taka kowace safiya, a auna masa lokaci, lokacin kuma ya karɓu a wajen gari. Duk sa'ad da aka cakuɗa ukun nan, na ƙarshen ake dannewa, domin shi ne ba shi da mai yi masa magana.

Mutane da yawa suna ɗauka filin gudu jan fenti ne aka zagaye filin ƙwallo da shi. Aiki ne na awo mai tsanani. Zagaye ɗaya mita 400 ne, ana kuma auna shi santimita 30 daga bakin gefen ciki. Yana da miƙaƙƙun ɓangarori biyu, kowanne mita 84.39, da lanƙwasa biyu. Faɗin kowane layi mita 1.22 ne, babbar gasa kuma tana son layi takwas. Wanda ya zagaya ta layi na takwas ya ci fiye da mita 453, shi ya sa a tseren mita 200 da 400 ba a jera 'yan wasa kafaɗa da kafaɗa, ake tura na waje gaba. Daɓen kansa roba ce mai kaurin kimanin milimita 13, an shimfiɗa ta kan kwalta mai santsi da magudanar ruwa a ƙasa. 'Yan wasa suna ce mata tatan, sunan wani samfurin kamfanin 3M na Amurka da Olamfik ta fara amfani da shi a Meziko a 1968. Bayan an gama shimfiɗa, sai masu awo sun duba, hukumar guje-guje ta duniya ta ba da takardar shaida. Sannan a kawo na'urar auna lokaci, kyamara ce a bakin layin ƙarshe da ke haɗe da bindigar tashi, da kuma na'urar auna iska. Idan iskar da ke tura mutum ta baya ta wuce mita 2 a daƙiƙa, to a gajeren tsere da dogon tsalle ba a lissafa sakamakon cikin tarihi.

'Yar tseren Najeriya Tobi Amusan ta ɗanɗana wannan doka a rana guda. Ranar 24 ga Yuli, 2022, a gasar guje-guje ta duniya a garin Eugene na Amurka, ta yi gudun tsallake shinge na mita 100 cikin daƙiƙa 12.12 a zagayen kusa da ƙarshe, aka rubuta mata tarihin duniya. Bayan kamar awa biyu ta ci zinare da 12.06, lokacin da ya fi na farko sauri, amma iska ta kai mita 2.5, sai ya zama nasara ba tarihi ba. Ka duba jerin abubuwan da suka sa aka amshi 12.12 ɗin nan: daɓe mai shaida, kyamara, ma'aunin iska, alkalai masu horo, gwajin ƙwayoyi. Yawan kujeru ba ya ciki.

Na shafe wasu shekaru ina taimakawa a gasar inta-haus ta wata sakandare a nan Jos. Da igiya muke auna fili, mu ja layi da baƙin man inji da ake roƙowa wajen bakanikai, wani lokaci da toka. Akwai shekarar da wani yaro ɗan aji biyar ya bar na biyu da tazara mai yawa a mita 100, mu uku muka danna agogon waya, kowa ya sami lokaci daban, amma duka ukun sun nuna yaron ba na wasa ba ne. Da aka watse ya same ni yana haki, ya ce, "Malam, yanzu wannan lokacin nawa ina za a kai shi?" Na ce, "Ɗana, ka bari tukuna mu gani." Ba ni da abin da zan faɗa masa da ya wuce haka. Lokacin da aka ɗauka da yatsa ba ya shigar da kowa gasar duniya a gajeren tsere, domin yatsan mutum yana makara wajen dannawa, masana ma sukan ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa kafin su kwatanta shi da na na'ura. Filin da muka auna da igiya kuma ba wanda zai rantse mita 100 ne cif. Har yau tambayar yaron nan tana damuna.

To me ya sa ba za a haɗa duka a wuri guda ba, a gina babba ɗaya, ƙwallo a tsakiya, gudu a gefe? Haka aka yi shekara da shekaru, haka aka gina na Surulere a Legas a 1972, haka na Ahmadu Bello a Kaduna, haka na Abuja da na Uyo. Matsalar tana cikin lissafi. Filin ƙwallo tsawonsa mita 105, faɗinsa 68. Cikin zagayen gudu kuwa tsawonsa ya haura mita 157. Wato daga layin raga zuwa bakin daɓe akwai kusan mita 26, ka ƙara faɗin layi takwas, ka ga wanda ya zauna a sahun farko bayan raga yana nesa da mai tsaron gida da mita 36 ko fiye. Ɗan kallon ƙwallo ba ya son haka, ƙungiyoyi masu kuɗi ma ba sa so, don ihun magoya baya ba ya isa kunnen abokan hamayya da ƙarfi. Juventus ta rushe filinta na Delle Alpi da aka gina da daɓen gudu don Kofin Duniya na 1990, ta buɗe ƙarami marar daɓe a 2011. Bayern ta bar filin Olamfik na Munich a 2005. Filin da aka gina a Manchester don gasar ƙasashe renon Ingila ta 2002, ana gama gasa aka ɗebe daɓen, Manchester City ta tare a 2003. A Atlanta, filin da Chioma Ajunwa ta yi tsallen mita 7.12 ta ci wa Najeriya zinare a Olamfik ta 1996, an mai da shi na wani wasan daban bayan 'yan watanni. Landan ta yi ƙoƙarin riƙe duka biyun bayan Olamfik ta 2012, ta sa kujeru masu matsawa don West Ham ta buga ƙwallo, a janye su da bazara a yi gudu, kuma wannan janyewa da mayarwa ta riƙa cin miliyoyin fam. Akwai wani saɓanin da ba a cika faɗa ba: jifan mashi da jifan guduma suna huda ƙasa, mai kula da ciyawar ƙwallo ba ya son ganinsu, filayenmu da yawa kuma yanzu ciyawar roba ce wadda mashi zai yaga. Ka ga rabin wasannin tsakiyar fili sun rasa gida ke nan.

Saboda haka ne ƙasashen da suka karɓi manyan gasa a 'yan shekarun nan suka sauya dabara. Filin Hayward na jami'ar Oregon da ke Eugene, inda Amusan ta kafa tarihi, kujerunsa na dindindin ba su kai dubu 13 ba, ƙari aka yi na wucin gadi, garin kansa mutanensa ba su kai dubu 200 ba. Budapest ta gina nata a 2023 da kujera kusan dubu 36, da niyyar sauke benen sama bayan gasa a bar kusan dubu 15. Filin Alexander na Birmingham ya ɗauki dubu 30 a 2022, ya koma dubu 18. Kusa da mu, da Ghana ta karɓi Wasannin Afirka a watan Maris na 2024, a filin jami'ar Legon aka yi guje-guje, wurin da ɗalibai za su ci gaba da takawa bayan baƙi sun tafi. Waɗannan ba matalauta ba ne ke tsoron kashe kuɗi, mutane ne da suka ƙona hannu suka koyi lissafi. Gasar duniya kwana tara ce, shekara kuwa kwana 365.

Mu ma muna da namu darasin a gida, ba sai mun tsallaka teku ba. An buɗe babban filin Abuja a 2003 don Wasannin Afirka karo na takwas, yana cin mutum sama da dubu 60, an kuma ba da rahoton ya lashe kusan dala miliyan 360. Gini ne na alfahari, da filin tseren keke, da ɗakin wasanni na cikin gida, da wurin ninkaya. Najeriya ta zo ta ɗaya a teburin lambobi a wancan Oktoba. A 2009 ya cika maƙil ranar da Suwizalan ta doke matasanmu da ci 1 da nema a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17. A 2019 Shugaba Buhari ya sa masa sunan Moshood Abiola. Amma tsakanin waɗannan ranaku ciyawar ta mutu, har sai da Aliko Dangote ya ɗauki nauyin gyaranta a zamanin minista Sunday Dare. A Maris ɗin 2022, bayan kunnen doki da Ghana da ya hana mu zuwa Kofin Duniya na Katar, fusatattun 'yan kallo suka afka ciki suka yi ɓarna. Wasannin neman gurbin Kofin Duniya na 2026 da muka buga a gida, duk a Uyo aka yi su. Fili mai kujera dubu 60 ɗaukar Dala ne ba gammo: wuta, ruwa, masu gadi, masu shara, janareta, rufin da iska ke yaga, duk suna neman kuɗi ko an yi wasa ko ba a yi ba. Kasafin kuɗinmu kuwa ya fi sakin hannu ga sabon gini fiye da kula da tsoho, domin sabo ake yanke wa kintinkiri a ɗauki hoto, kwangilarsa kuma ita ce mai maiƙo. Mu mutanen Jos mun san wannan a jikinmu: sabon filin titin Zariya tun zamanin mulkin soja aka aza shi, ya ga gwamnoni da dama suna zuwa suna tafiya yana jiran a kammala shi.

Ba na son in yi wa masu neman babban fili rashin adalci, domin hujjarsu tana da ƙarfi ta wani ɓangaren. Har yau Afirka ba ta taɓa karɓar babbar gasar guje-guje ta duniya ba. Nairobi ta nemi ta 2025, aka ba Tokyo. Abuja ta nemi gasar ƙasashe renon Ingila ta 2014, a ƙuri'ar 2007 Glasgow ta samu 47, Abuja 24. Ta sake neman ta 2030, aka ba Ahmedabad ta Indiya. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ya kamata ta mallaki fili ɗaya ko biyu da za su iya ɗaukar irin wannan taro, da ƙaramin daɓe na ɗumama jiki a gefe, wanda shi ma sharaɗi ne. Kuma yaron da ya taɓa zama cikin dubban mutane suna ihu a tseren miƙa sanda ba zai manta ba, wataƙila a ranar ne zai ƙudura zama ɗan tsere. Sai dai wannan fili ɗaya muna da shi a Abuja, tafiyar 'yan sa'o'i daga Jos, gyara da riƙo yake nema. Sannan gini kaɗai ba ya ɗaukar baƙi. A 2018 Asaba ta karɓi gasar guje-guje ta Afirka a sabon filin Stephen Keshi, amma labarin da duniya ta fi ji shi ne na 'yan wasan ƙasashe da suka kwana a filin jirgin Legas suna jiran a kwashe su.

Inda guje-guje ke cika fili, taron ne ya riga ginin. A Jamaika, ƙasar da ba ta kai mutum miliyan 3 ba, gasar makarantun sakandare ta fara tun 1910, filin ƙasa na Kingston kuwa sai 1962 aka buɗe shi. Shekara 52 ana tara 'yan kallo, tsofaffin ɗalibai suna dawowa su mara wa makarantarsu baya, kafin a yi musu babban gida. Yau kusan mutum dubu 30 ke cika filin don kallon yara, a nan aka fara sanin Usain Bolt. A Kenya, da aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 18 a 2017 aka buɗe ƙofa kyauta, fiye da mutum dubu 50 suka shiga filin Kasarani na Nairobi a rana guda, saboda ƙauyuka da dama a yankin Eldoret suna da ɗan da ya fita waje ya ci tsere. A Doha kuwa, inda kuɗi ba matsala ba ne, kwanakin farko na gasar duniya ta 2019 an yi su gaban kujerun da babu kowa. Mu tambayi kanmu da gaske: rabon da mu ga mutum dubu 10 sun taru a Najeriya don kallon tsere zalla, ba bikin buɗe taro ba, yaushe ne?

Jos tana da abin da kuɗi ba ya saye. Garin yana kan tudu mai kimanin mita 1,200 daga teku, duwatsun Shere sun haura 1,800, kuma a manyan biranen ƙasar nan babu wanda ya kai shi. A tudu iskar shaƙa ta fi sirantaka, jikin da ya daɗe yana aiki a ciki yakan ƙara jajayen ƙwayoyin jini, abin da mai gudun famfalaƙi ke nema ke nan. Kada mu zuzuta fiye da kima: Iten ta Kenya tana kan kusan mita 2,400, Bekoji ta Habasha, garin Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da 'yan gidan Dibaba, ta kai kusan 2,800. Tudunmu rabin nasu ne. Amma sanyin safiyarmu yana ba mutum damar yin kilomita 20 ba tare da zafin Abuja na watan Maris ya narkar da shi ba, hanyoyin jar ƙasa na ƙauyukanmu kuma sun fi kwalta sauƙi ga gwiwa. Ba banza ba ne a gudun yada-ƙanin-wani na Legas, idan an gama ƙirga 'yan Kenya da Habasha, 'yan Najeriya na farko sukan fito daga Filato, irin su Emmanuel Gyang da Deborah Pam. Gajeren tsere ma yana amfana, don sirarriyar iska ba ta tare mutum sosai; shi ya sa duk sakamakon da aka yi sama da mita 1,000 ake sa masa alama ta musamman. El Paso ta Texas, inda Amusan ta yi jami'a ta goge, tudunta bai ma kai na Jos ba. Su kuwa zakarun Iten da Bekoji, da yawansu a filin jar ƙasa suka taso.

Da ni za a tambaya, abin da zan roƙa wa Jos ba shi da girman da zai sa a rufe titi ranar buɗewa. Daɓe mai layi takwas da takardar shaidarsa, ciyawa ta gaske a tsakiya don mashi da faifai da dalma, rumfa mai cin mutum dubu 5 zuwa 10 wadda za a iya ƙara mata kujerun haya in babban taro ya zo. Na'urar lokaci da ta iska, da mutum biyu ko uku da aka horar aka kuma ɗauka aiki don sarrafa su, domin na'urar da ke kulle a sito daidai take da babu. Ɗakin kwanan 'yan wasa, wurin ɗaga ƙarfe, ƙaramin asibiti. Da ɗakin sauya kaya na mata mai ƙofa da makulli, da mace mai horarwa, da sa'o'in da aka ware musu. Wannan na ƙarshen ina faɗarsa da nauyi, domin na san iyaye a Gangare da Anguwan Rogo da ba su ƙi 'yarsu ta yi gudu ba, abin da suka ƙi shi ne ta sauya kaya a bayan mota cikin maza. Ragowar kuɗin da da za a zuba a benen sama, a yi ƙananan daɓe masu layi shida da shi a Bukuru da Pankshin, a turo gireda ta daidaita filayen makarantu. A garin da ya sha rikici, inda har yau akwai unguwannin da wani ke shakkar shiga, wurin da yaron Birom da na Hausa da na Angas za su miƙa wa juna sanda kowace Asabar ba ƙaramin abu ba ne.

Sai maganar riƙo, wadda ita ce ke kashe mana komai. Robar nan tana da wa'adi, kusan shekara 10 ne in an kula da ita, layi na ɗaya ke fara cinyewa don kowa shi yake so. Ruwan Jos mai ƙarfi ne, wani lokaci har da ƙanƙara, idan magudana ta toshe ruwa zai shiga ƙarƙashi ya ɗaga daɓen ya yi kumburi. Ƙafar rumfar biki, tayar motar babban baƙo, takalmi mai tsini, duk suna huda ta, kuma mun san filayenmu sun fi ganin taron siyasa da wa'azi fiye da tsere. Ba laifi a ba da haya, kuɗin shiga ne, amma a shimfiɗa katako a kare daɓen, kuɗin hayar kuma ya shiga asusun da doka ta ce na sabunta roba ne kaɗai. Tun da Shugaba Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni a Oktoban 2024 ya dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko, ana ta zancen jawo 'yan kasuwa. Ɗan kasuwa zai fi saurin ɗaukar nauyin ƙaramin wuri mai rai da yake ganin yara a ciki kullum. Kuma a buɗe ƙofa da ƙarfe shida na safe, kada maigadi ya ce sai da takarda daga ofis, domin lokacin nan ne kaɗai ɗalibi da mai koyon sana'a suke da shi.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kusan kowace sakandare a Filato tana yin inta-haus ɗinta, a ci shinkafa, a raba kofi, a watse, ba wanda ke rubuta sunan wanda ya ci a wani littafi da ya wuce na makarantar. Abin da ya rage shi ne a tattaro na ɗaya da na biyu daga kowace makaranta zuwa matakin ƙaramar hukuma, dukan 17 ɗin, daga nan a kawo su Jos kwana uku a kan daɓe mai shaida, kyamara na aiki, a yi wa gasar rajista da hukumar guje-guje ta ƙasa don sakamakon ya shiga kundi. Tsofaffin ɗalibai za su zo da gangunansu, iyaye za su cika motoci daga Shendam da Mangu da Wase. Watan Maris ya fi dacewa da wannan taro, an fita daga tsananin hunturu, ruwan Afrilu kuma bai sauka ba.